Wai da gaske ne ana ƙone ciwon daji da igiyar rediyo da garin zinare?

Sani_Mai_Rediyo:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya. Dan Allah masu ilimin kimiyya da ma'aikatan asibitin da ke nan ku taimaka ku warware min wani abu da ya hana ni barci yau kwana uku.

Ni dai sana'ata gyaran rediyo da amfilifaya, shekara ashirin da wani abu ina yi a Kano, tun zamanin da kowane mai shayi yake da rediyonsa rataye a jikin tebur. Yayata ce da muke uwa ɗaya uba ɗaya aka gano tana da kansar mama wata biyar da suka wuce, an yi mata kemo sau biyu saura huɗu kafin a zo maganar aiki, kuma wlh duk wanda ya ga yadda take komawa bayan an yi mata sai ya zubar mata da hawaye, ga amai, ga gashi duk ya zube, ko kunu ba ya zama a cikinta. To shekaranjiya sai babban ɗanta ya turo min wani bidiyo a WhatsApp, wai wani Bature mai gidan rediyo a Amurka ya ƙera na'ura, ana yi wa mara lafiya allurar garin zinare sannan a kunna masa igiyar rediyo, zinaren ya yi zafi ya ƙone ciwon shi kaɗai bai taɓa sauran jiki ba, babu amai babu zubar gashi. A ƙasan bidiyon kuma ga lambar wani da yake sayar da ruwan zinare na nano a kwalba wai a riƙa shan cokali biyu safe da yamma. Yaron nan ya kafe kai da fata a dakatar da kemo a koma wannan.

Abin da ya sa ban yi fatali da maganar nan take ba, ni na san igiyar rediyo tana ƙuna. Akwai ranar da muke gwada wata 'yar tiransimita a shago yatsana ya gogi wayar eriya, ba irin fizgar wutar gida ba ce da take jefar da mutum, ɗan farin tabo kawai na gani kamar kan ashana sai ƙaurin fata, amma ciwon ya yi zurfi ya fi sati biyu bai warke ba, har gobe tabon yana nan. Shi ya sa zuciyata take ce min ƙila akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

To shin binciken nan ya faru da gaske? Mene ne ma nano ɗin? In gaskiya ne me ya hana asibitoci yi? Sannan ruwan kwalbar nan fa?

Maman_Hanifa:

Wa alaikumus salam. Allah sarki, Allah ya ba ta lafiya ya sa kaffara ce. Malam Sani ni ban san komai a kan rediyo ba amma don girman Allah kada ku bari ta tsallake ranar kemo ko ɗaya kafin ku samu amsa. Ƙanwar mahaifiyata haka aka yi mata, tana cikin karɓa wani ya zo da jarkoki ya ce wata uku ta warke, aka bar asibiti, da aka koma bayan wata bakwai abin ya riga ya shiga ƙashi, likitan da ya duba ta sai da ya yi shiru ya kasa magana. Yaron nan tausayin uwarsa ne yake damunsa, kada ku yi masa faɗa, ku lallashe shi, wanda yake kwana da mara lafiya shi ya san abin da idonsa yake gani.

Malamin_Fizis:

Wa alaikumus salam Malam Sani, Allah ya tashi kafaɗar Yaya. Ni fizis nake koyarwa, ba likita ba ne, don haka zan tsaya a iya gonata.

Mutumin da ka siffanta John Kanzius ne, kuma labarinsa ya faru. Injiniyan rediyo ne da ya yi harkar gidajen rediyo da talabijin a garin Erie na jihar Pennsylvania, bayan ya yi ritaya aka gano yana da kansar jini. Shi ma kemon nan ya sha, ya ga ƙananan yara a asibiti suna shan irin wahalar da yake sha, daga nan ya fara tunanin ko ilimin rediyon da yake da shi zai yi wani amfani. Gwajinsa na farko a gida ya yi, da farantan gasa abinci na matarsa da sosej, ya tsira wa sosej ɗin ruwa mai sinadarin ƙarfe a gefe ɗaya ya kunna na'ura sai gefen ya ɗau zafi ɗayan bai ɗauka ba. Ka ga mutum ne irinka, mai waya da dalma, kuma ni ina ganin girmansa a kan wannan.

Na'urarsa tana aiki a megahaz 13.56, ma'ana igiyar tana kai da komo sau miliyan 13 da dubu 560 a daƙiƙa ɗaya. In ka raba gudun haske, wato mita miliyan 300 a daƙiƙa, da wannan lambar za ka samu kusan mita 22. Gajeren zango ne sak, tsakanin mita 19 da mita 25 ɗin nan da iyayenmu suke murɗawa su kamo BBC da Muryar Jamus. Kuma babu wani sirri a zaɓen lambar, tana cikin 'yan gurabun da aka keɓe a duniya domin masana'antu da bincike da asibiti don kada su shiga wa masu watsa shirye-shirye, hatta katin ATM ɗin nan da ake ɗorawa a kan POS ba tare da an zura shi ba da ita yake magana.

Nano kuwa awo ne kawai. Ka dubi milimita ɗaya a jikin rula ka raba ta gida miliyan, gida ɗaya shi ne nanomita. Silin gashin kai guda kaurinsa yana kaiwa nanomita dubu 80, su kuma ƙwayoyin da ake magana daga kamar 5 ne zuwa 100. Zinare in ya kai wannan ƙanƙanta halinsa yana canzawa, har launinsa a ruwa ja yake komawa kamar zoɓo, Michael Faraday ya haɗa irin wannan ruwan a Landan ya yi bayaninsa tun 1857. Kai ma ka sha ganinsa ba ka sani ba, jan layin nan da yake fitowa a tsinken gwajin maleriya da na gwajin ciki galibi ƙwayoyin zinare ne suka taru a wurin.

Kanzius bai tsaya a gida ba, ya haɗu da Dakta Steven Curley, likitan tiyata a cibiyar kansa ta MD Anderson da ke Houston, da kuma Richard Smalley na jami'ar Rice wanda ya ci kyautar Nobel a kemistiri a 1996, shi ma kansar jini ce ta yi ajalinsa a 2005. A 2007 suka fitar da sakamakon gwaji a kan zomaye masu ƙari a hanta, aka tsira wa ƙarin wasu siraran bututun kabon na nano, aka kunna na'ura minti biyu, da aka duba ƙarin ya mutu. Ka lura, zomaye ne 'yan ƙalilan, kuma cikin ƙarin aka tsira abin kai tsaye da allura, babu zomon da aka ba wani abu ya sha. Daga baya suka yi ta gwaji da zinare a kan ƙwayoyin cuta a kwano da kuma ɓeraye.

Inda gizo yake saƙar shi ne nan, kuma kai za ka fi kowa saurin ganewa. Ka san eriya ba ta kama tasha da kyau sai tsawonta ya yi kusa da tsawon igiyar, ko da rubu'inta ne, rubu'in mita 22 kuwa mita biyar da rabi ke nan. To ƙwayar zinare mai nanomita 10 ta gaza igiyar nan sau fiye da biliyan biyu. Da masana fizis suka zauna suka yi lissafi sai suka ga zafin da irin wannan ƙwaya za ta iya zuƙa bai taka kara ya karya ba, amma kuma ga shi a gwaji ruwan yana zafi, to daga ina? Wajejen 2011 wasu masu bincike suka yi abu mai sauƙi, suka juya ruwan a injin da yake tace shi har zinaren ya kwanta a ƙasa, suka tsiyaye ruwan sama suka sa a na'ura, sai ya yi zafi kusan daidai da lokacin da zinaren yake ciki, shi kuma zinaren da aka wanke aka zuba a tsabtataccen ruwa da kyar ya motsa. Ashe gishirin sinadaran da aka haɗa zinaren da su ne yake jawo mafi yawan zafin. Har yanzu akwai masu cewa ƙwayoyi mafi ƙanƙanta masu caji a jikinsu suna ƙara wani abu, muhawarar ba ta mutu gaba ɗaya ba, amma wancan zato na farko cewa zinaren ne kaɗai zai yi zafi ya samu babban naƙasu.

Matsalar kuwa jikin ɗan Adam shi kansa ruwan gishiri ne, jini da tsoka duk. Abin da ya ƙona maka yatsa ke nan ba tare da ko ƙwayar zinare ɗaya ba. In aka ƙara wa na'ura ƙarfi don ƙari ya ƙone to fata da kitsen da ke hanya su ma suna ɗauka.

Kanzius ya rasu a watan Fabrairun 2009, gidauniyar da aka kafa da sunansa ta rufe a 2014, kuma har yau na'urar ba ta zama maganin da wata hukumar lafiya ta amince a yi wa mutane ba. Bidiyon da aka turo maka tsohon labari ne aka yanke masa ƙarshe aka liƙa masa lambar waya.

Sani_Mai_Rediyo:

Malam Allah ya saka da alheri ya ƙara ilimi, wlh maganar eriyar nan ta shige ni sosai, sau uku na karanta. Amma ka yi haƙuri da ni akwai abin da ya tsaya min. A cikin ƙaramar rediyo akwai baƙin sandan nan da ake naɗe wa siririyar waya, tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba amma da shi ake kama matsakaicin zango wanda igiyarsa ta kai mita ɗari uku ko fiye, in ya karye kuma tasha ta tafi sai shuuu. To ka ga ga ƙaramin abu yana kama doguwar igiya. Kuma na sha taɓa irin wannan baƙin ƙarfen a cikin caja da inbata na ji shi da ɗumi. Ba za a iya niƙa irinsa a yi aikin da shi ba maimakon zinare?

Ɗalibar_Kimiyya:

Slm. Malam ka ba ni dama in amsa wannan don a kansa nake yin digirina na biyu. Kawu Sani wlh tambayarka ta burge ni, domin abin da ka faɗa shi ne hanyar da ta fi nisa a binciken gaba ɗaya, har an yi wa mutane.

Baƙin sandan nan ferait ake ce masa, wasu Japanawa biyu Kato da Takei suka ƙirƙiro shi a 1930, kuma dalilin da ya sa yake kama doguwar igiya duk da gajartarsa shi ne ɓangaren maganaɗisu na igiyar yake tattarowa, igiyar rediyo ai tagwaye ce, lantarki da maganaɗisu suna tafiya tare. Na'urar Kanzius ɓangaren lantarkin ta dogara da shi shi ya sa gishirin jiki yake shiga tsakani. Shi kuwa maganaɗisu jiki bai cika damuwa da shi ba, ratsawa yake ya wuce.

Mu abin da muke haɗawa ɗan uwan sandanka ne, baƙar tsatsar ƙarfe da ake kira magnetait. Ba niƙawa ake ba don niƙa ba zai kai shi ƙanƙantar da ake so ba, a ruwa ake haɗa shi. Ranar da na fara yi ba zan manta ba, ruwan gishirin ƙarfe ne ruwan ɗorawa a cikin kwalbar gwaji yana juyawa, ina ɗiga amoniya sai kawai ya rikiɗe ya koma baƙi ƙirin kamar tawadar allo, na ɗauko mayen ƙarfe na kara a jikin kwalbar sai baƙin nan duk ya taho ya manne a gefe ruwan ya washe, ina janyewa ya sake bajewa. Na fi minti goma ina yi ina maimaitawa.

In aka sa waɗannan ƙwayoyi a tsakiyar koyil, wato naɗin waya, da wutarsa take juyawa kamar sau dubu 100 a daƙiƙa, kilohaz 100 ke nan, ƙasa ma da dogon zango, to kowace ƙwaya ƙaramin maganaɗisu ce da take ƙoƙarin bin juyin nan, ko dai maganaɗisun cikinta ya juya ita tana tsaye, wannan Bafaranshe Louis Néel ne ya yi bayaninsa, ko kuma ita kanta ta mirgina a cikin ruwan. Duk biyun ba sa iya cim ma saurin koyil ɗin, wannan jinkirin shi yake zama zafi. Ɗumin da kake ji a caja danginsa ne, sai dai masu ƙera caja so suke ya ragu mu kuma so muke ya ƙaru. Abin da ake nema a kai zafin ƙari digiri 41 zuwa 45, a nan ƙwayoyin kansa suke galabaita su fi saurin mutuwa in an haɗa da kemo ko gashi, wato haska ƙari da na'urar asibiti.

Tunanin ma tsoho ne, tun 1957 wani likita Gilchrist da abokan aikinsa a Amurka suka gwada a kan karnuka. Wanda ya kai shi asibiti shi ne Andreas Jordan a Balin ta Jamus, kamfaninsa MagForce ya samu izinin Turai a 2010 domin wata muguwar kansar ƙwaƙwalwa da ake kira giliyobilastoma. A gwajin da suka wallafa, mutum 59 da ciwon ya dawo musu, an huda kai an zuba ruwan ƙarfen cikin ƙarin kai tsaye, ana sa su a na'ura awa ɗaya sau biyu a sati har sau shida tare da gashi, matsakaicin abin da suka rayu bayan dawowar ciwon wata 13 ne da ɗoriya, alhali a bayanan baya da suka kwatanta da su wajen wata 6 ne. Ƙarin kwana ne mai daraja amma ba warkewa ba ce, kuma ba a raba marasa lafiyar gida biyu an kwatanta ba, wanda shi ne gwajin da likitoci suka fi yarda da shi. Ga kuma wahalhalu, duk wani ƙarfe da ke kusa da kai har cikon haƙori sai an cire, kuma bayan an zuba ƙwayoyin hoton MRI ba ya fita da kyau a wurin. Kamfanin kansa ya durƙushe a 2022.

Kuma ba a iya cewa bari a ƙara wuta kawai, don in ƙarfin koyil da saurinsa suka wuce wani mizani jiki ma yana fara ɗaukar zafi, irin yadda tukunya take yi a kan murhun lantarkin nan mai aiki da maganaɗisu.

A nan gida ma ana taɓawa, Farfesa Wole Soboyejo da ɗalibansa a jami'ar AUST ta Abuja sun yi aiki a kan ƙwayoyin magnetait da ake liƙa wa wani sinadari don su nemo ƙwayoyin kansar mama, amma a matakin ɗakin gwaji da dabbobi. Babbar damuwarmu kayan awo, ni haɗawa ba ta fi min yini ɗaya ba amma kafin in san girman abin da na haɗa sai na aika samfur waje na jira wata biyu, da kuɗin aljihun babana.

  

Ɗan_Damagaram:

Salamu alaikum, ina wuninku. Allah ya ba Hajiya sauƙi. Ni tambaya gare ni ga Malam, tunda kun ce igiya tana zafafa ƙwayoyin nano, mu nan lokacin korona an yi ta faɗin cewa allurar rigakafin akwai nano ciki kuma in rezo na 5G ya zo zai kunna su cikin jikin mutane, har wasu na liƙa cokali a dantse. Ni an yi mani don tafiya ta kama ni, amma har yanzu tsohuwata ba ta yarda in aje salula kusa da kai in zan kwana. Ke nan akwai gaskiya a maganar tasu?

Malamin_Fizis:

Ɗan uwa ka kwantar da hankalinka ka kuma kwantar wa Inna da nata. Gaskiya ne wasu alluran korona, irin na Pfizer da Moderna, akwai ƙwayoyin nano a ciki, amma na kitse ne, 'yan ƙunshin mai da aka naɗe maganin a ciki don ya isa inda za shi, jiki yana narkar da su, babu ƙarfe babu maganaɗisu a ciki balle igiya ta kama. Kalmar nano girma kawai take nufi kamar ka ce mudu ko tiya, ba ta faɗa maka abin da aka auna ba.

Sannan ka dubi abin da ɗalibarmu ta faɗa, kafin su samu ɗumin da ake nema sai da aka zuba ruwan ƙarfe kai tsaye cikin ƙari aka kuma sa kan mutum cikin ƙatuwar na'ura na awa guda. Na'urar Kanzius ɗaruruwan wat take fitarwa daf da abin da ake zafafawa. Wayar hannu iyakarta wat biyu, yawanci ma ƙasa da haka sosai. 5G ɗin da aka fara a Najeriya a 2022 a gigahaz 3.5 yake, wato megahaz dubu uku da ɗari biyar, tsakanin gigahaz 2.4 da 5 da Wi-Fi ya daɗe yana amfani da su a gidaje da ofisoshi. Kuma yawan kaɗawar igiya ba ya sa ta ƙara nitsewa a jiki, akasin haka ne ma, duk sanda lambar ta hau to zurfin da take shiga raguwa yake, shi ya sa masu neman kai zafi can cikin jiki suke komawa ƙananan lambobi. Igiyar rediyo duk yawanta abin da aka tabbatar tana yi wa jiki shi ne ɗumamawa in ta yi ƙarfi, ba ta da irin ƙarfin hoton ƙashi da yake iya tsinka ƙwayar halitta.

Ke kuma ɗalibata Allah ya yi albarka, bayaninki ya fi nawa tsari, ki daure ki gama.

Anti_Nas:

Malam Sani sannu da jinya, sannu da ƙoƙari. Ni nas ce, na yi shekaru a ɗakin masu wannan lalura, bari in ƙara abu biyu uku a kan na malamai.

Ƙona ƙari da igiyar rediyo ana yinsa a asibitocin duniya tun tuni ba tare da wani zinare ba, likita yana kallon hoto ya soka wata doguwar allura har cikin ƙarin, wuta mai kaɗawa wajen kilohaz 500 ta bi ta bakin allurar ta dafa wurin. An fi yi wa ƙananan ƙari na hanta da ƙoda, wanda bai wuce kamar santimita uku ba. To amma wuri ɗaya yake ƙonawa. Ita kemo da ake yi wa Yaya kafin aiki dalilinta biyu ne, ta rage girman ƙarin don aikin ya yi sauƙi, ta kuma bi jini ta kashe 'ya'yan ciwon da suka riga suka fita waɗanda hoto ba ya gani, wannan kuwa babu na'urar zafi da take yi.

Maganar a sha a baki kuma, ko ta jijiya aka ba da ƙwayoyin nan isarsu ga ƙari ita ce babbar wahala. Wasu masu bincike a Toronto sun tattara gwaje-gwajen dabbobi na shekara goma suka fitar a 2016 cewa a matsakaici kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai yake isa, ko kashi ɗaya bai cika ba, mafi yawa hanta da saifa suke kwashewa. To ina ga wanda aka kurɓa da cokali ya bi ta ciki, kuma babu ma na'urar da za a kunna? Sannan ba ku san me ke cikin kwalbar ba. Wasu ruwan azurfa suke sayarwa, wanda in aka daɗe ana sha yake mayar da fata toka-toka mai shuɗi kuma ba ta komawa. Mai karɓar kemo hantarta da ƙodarta suna cikin aiki, ba lokacin ɗora musu abin da ba a sani ba ne.

Abin da nake roƙonka, aman nan a gaya wa likitanta ƙarara, akwai magungunan tsayar da amai kala-kala in wannan bai karɓe ta ba a canza wani, mata da yawa suna shiru suna ganin haka abin yake dole. Ta riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, abu mara maiƙo mara ƙamshi, da ruwa a kai a kai. In ta yi zazzaɓi tsakanin zagaye kada a jira gari ya waye. Gashi yana dawowa bayan an gama, na ga wanda ya dawo ya fi na da cika. Kuma ranar da za a koma ku tafi da yaron ya shiga ya yi wa likita duk tambayar da ke ransa har da ta bidiyon.

Sani_Mai_Rediyo:

Jama'a ban san da bakin da zan gode muku ba, Allah ya biya ku ya jiƙan magabatanku. Jiya bayan isha na kira ɗan Yaya zuwa shago na karanta masa tun daga farko, da muka zo wurin zomaye da gishiri na ɗauko wata tsohuwar rediyo na buɗe na nuna masa baƙin sandan da kuma tabon yatsana, ya daɗe bai ce komai ba sannan ya ce shi dai ba ya son ya ƙara ganin ta tana amai kamar ranta zai fita. Na ce masa Anti ta ce akwai maganin da za a canza. Ya goge lambar mai kwalbar a gabana, kuma ya ce ranar Alhamis shi zai kai ta da kansa.

Hajiya Maman Hanifa na bi shawararki ban ɗaga masa murya ba. 'Yata ɗaliba, in koyil ɗin gwaji ne yake ba ku wahala ki faɗa min kaurin waya da yawan naɗi da kilohaz ɗin da kike so, ina da jar waya da kondensa a shago, naɗin koyil kuwa tun ina yaro nake yi.